Me ya sa ba a yi wa kajinmu allurar murar tsuntsaye?

Mai kiwon kaji, Kano:
Assalamu alaikum. Muna yi wa kajinmu rigakafin cutar Gumboro da allurar Lasota ta cutar Newcastle a kan kari, amma idan murar tsuntsaye ta shiga gona, sai jami'ai su kashe kajin duka su binne, mai gona kuma ya koma jiran diyya. Shin cutar ba ta da allura ne? In kuma ta fara yaɗuwa tsakanin mutane, da me za a tare ta?

Likitan dabbobi, Jos:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Allurar tana nan. Masar ta fara amfani da ita tun 2006, shekarar da aka fara tabbatar da nau'in cutar mai suna H5N1 a Najeriya, a wata gona da ke Jaji a jihar Kaduna, amma har yau cutar ba ta bar Masar ba. Inda gizo ke saƙa shi ne, kazar da aka yi wa allura tana iya ɗaukar ƙwayar cutar ba tare da tukkunta ya yi baƙi ko ta daina ƙwai ba, a cusa ta cikin keji a kai kasuwa ta shafa wa sauran. Shi ya sa da Faransa ta fara yi wa agwagi allura a 2023, ta haɗa da gwaji a kai a kai, wanda kuwa shi ne mai cin kuɗin.

Ma'aikaciyar lafiya, Maraɗi:
Game da mutane, Alhaji, ƙasar Finland ta fara ba ma'aikatan gonaki allura a 2024, wasu ƙasashe kuma suna da ajiya. Sai dai yawancin alluran mura a cikin ƙwan kaza ake renon su, aikin yakan ɗauki kusan wata 6, kuma mun ga yadda Afirka ta zauna a ƙarshen layi lokacin korona. Irin wannan fargaba ce ta sa Indonesiya ta ƙi miƙa samfurin ƙwayar cutar murar tsuntsaye tun a 2007, tana cewa ba za ta bayar a yi allurar da ta fi ƙarfin aljihunta ba.

Malamin jami'a, Zariya:
Likita, ban yarda a tsaya kan misalin Masar kaɗai ba. Bayan da Sin ta fara yi wa kaji allurar H7N9, wani nau'in murar tsuntsaye, a 2017, mutanen da ke kamuwa da nau'in sun ragu ƙwarai. Kuma muddin diyya tana jinkiri, wanda ya ga kajinsa sun fara faɗuwa zai karyar da su ga masu yanka kafin jami'ai su ji labari.