Faifai biyu, waƙoƙi iri ɗaya: kunnena ne ko bugun ne?

Ɗan Samaru

Assalamu alaikum masu faifai. Ku zo ku raba gardama, ni da kunnena ne muka saɓa.

Garmahon da nake amfani da shi na marigayi kawuna ne, ƙirar Japan, mai juyawa da bel. Ya rasu ya bar shi da kwali biyu na faifai, yawanci Shata da Ɗan Maraya da 'yan Legas. Ni kuwa tun ina makaranta rok ɗin Turawa na shekarun 1990 ya shiga raina, wanda ake kira altanatif, har abokai suna cewa na ɓata.

Yanzu ina da faifan Nevermind na ƙungiyar Nirvana kwafi biyu. Na farkon yayana ne ya tsinto mini a shagon gwanjo a Ingila. Kwalin ya sha jiki, lambar da ke kansa GEF 24425, faifan siriri, in ka kama shi har yana ɗan lanƙwasawa. Na biyun sabo ne dal a leda, mai nauyi, mai sayarwar ya ce giram 180 ne. Oda na yi ta intanet, kuɗin da ya ci kuwa har yau uwargida ba ta sani ba.

Daren Juma'a na saka su ɗaya bayan ɗaya. Tsohon yana tas-tas kamar ana suyar gyaɗa, amma gangunan suna da fili, kuma in waƙa ta tashi daga sanyi ta afka hayaniya sai ka ji kamar an bankaɗe ƙofa. Sabon shiru yake tsakanin waƙoƙi, sai dai komai a cunkushe, kamar motar Kwangila da yamma. Sannan dukansu biyun, da allura ta kusa tsakiya, muryar sai ta fara shasshaka.

To ina laifin yake? Ashe ba mai nauyin ne ya fi ba? Kuma in zan sayar da ɗaya, wanne zan riƙe?

Baba Mai Rediyo

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya jiƙan kawunka. Kafin ka yanke wa faifai hukunci, gaya mini yaushe rabon da a canza allurar nan? In tun ta marigayi ce, to ba faifai kake saurare ba, ƙusa kake ja a kan dukiyarka.

Na daɗe ina gyaran kayan sauti a Sabon Gari, kuma yawancin wanda zai kawo mini garmaho ya ce faifai ya lalace, abu uku ne: allura, ƙura, wuta.

Ita wutar, da yawa daga cikin tsofaffin masu bel motarsu bugun wuta take bi, wato 50 a daƙiƙa a ƙasar nan. Ƙaramin janareto ba ya tsayawa cak a 50, firji na tashi ya ja shi ƙasa, faifai ya yi sanyi, murya ta kwanta. Ka duba bayan na'urar ma. In don Amurka aka yi ta, mai 60, zagayen da ya kamata ya zama 33 da sulusi a minti zai dawo wajen 28, ka ji mawaƙi kamar wanda ya tashi daga barci.

Tas-tas ɗin kuma, muna cikin hunturu. Iska ta bushe, faifai yana jawo ƙura da kansa kamar yadda ka goga biro a gashi ya ɗauki takarda. Ka wanke shi da ruwan batir wanda ba a sa masa asid ba, ɗigon sabulun ruwa ɗaya tak, da ƙyalle mai laushi, kana bin zagayen layin. Ban da ruwan rijiya, yana barin gishiri a cikin layi. Kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Kuma ka jingina su a tsaye, nesa da taga, don zafin Maris da Afrilu na garin nan yana mayar da faifai kamar kwanon tuya.

'Yar Kongo

Abin da Baba ya faɗa haka yake, a fara da shi. Ni zan yi magana a kan bugun.

Yaya, ka cire maganar giram 180 daga ranka. Nauyi yana sa faifai ya zauna daram kuma yana da daɗin riƙewa, amma zurfin layin da abin da ke cikinsa tun wajen yanka uwar faifan aka gama su. Da kauri da siriri duk daga hatimin ƙarfe ake matso su. Tambaya biyu ce ke da amfani: daga wane tushe aka ɗauko sautin, kuma wa ya yanka?

Abin da ka ji na "bankaɗe ƙofa" shi ne ran wannan faifan. Butch Vig ne ya ɗauki aikin, Andy Wallace ya haɗa sautin, ya fito a 1991, kuma salon waƙoƙin gaba ɗaya a kan tazarar da ke tsakanin sanyi da hayaniya aka gina shi. Daga tsakiyar shekarun 1990 kamfanoni suka shiga gasar ƙarar sauti a CD, ana danne wurare masu ƙarfi a ɗago marasa ƙarfi don komai ya yi amo. In aka ɗauko irin wannan dannannen sautin aka yanka faifai da shi, ko giram dubu ne cunkushe zai fito. Ba kowane sabon bugu ne haka ba fa, akwai waɗanda aka koma kan tef na asali aka yi aiki mai kyau.

Ka ɗauki tocila ka haska filin nan da babu waƙa, tsakanin layin ƙarshe da takardar tsakiya. Za ka ga lambobi da haruffa, wasu da hannu aka zana, wasu hatimi ne. Ka kwafe su daidai ka nema a Discogs, shafin intanet na bayanan faifai, zai nuna maka ƙasar da aka buga da shekarar. Ka yi wa duka biyun, har tsohon, don lambar kwali kaɗai ba ta isa shaida ba. Wannan faifan yana cikin waɗanda aka fi yi wa jabu, saboda lokacin da ya fito CD ta riga ta kwace kasuwa, ba a buga faifan da yawa kamar na shekarun 1970 ba.

Shasshakar tsakiya kuma lissafi ne. Zagaye ɗaya ne a ko'ina, amma a bakin faifai layin yana wucewa ƙarƙashin allura wajen santimita 50 a daƙiƙa, a ciki kuwa wajen 20 ne kawai. Sauti iri ɗaya a matsattsen wuri. Shi ya sa masu tsara faifai suke son ajiye waƙa mai sanyi a ƙarshen gefe, kuma a Nevermind haka aka yi, kowane gefe da mai sanyi ya ƙare. In har a nan ma naka yana shasshaka, a kan faifai biyu daban-daban, to komo wajen Baba.

Wani abu da ke damun faifan shekarun 1990 shi ne tsawo. Da CD a rai aka tsara su. Gefe ɗaya na faifai yana sakewa ne a wajen minti 20 zuwa 22, in aka wuce sai an matse layi, a rage ƙara da kaurin sauti. Automatic for the People na R.E.M. ya kusa minti 49 a faifai ɗaya, sai ka ɗan ƙara murya. OK Computer na Radiohead kuwa minti 53 ne aka raba a faifai biyu. Nawa kwafin nan nake kunna wa duk wanda ya ce faifai ba shi da kauri.

Bazazzage

Ikon Allah. Mutum da waya a aljihu, waƙar nan tana ciki tsaf babu tas-tas, amma ya zauna yana wanke roba da ruwan batir. Ku dai ku ce kuna son wahala da babban hoto.

Amma tunda an tambaya: ka sa wani ya saka maka su kana juya baya, kuma ku daidaita ƙarar. Kunne yana da son zuciya, wanda ya fi ƙara ko wanda ka fi ƙauna shi zai ba gaskiya. Na ga alama tsohon nan tun kafin ya juya ya ci zaɓe, tunda tsarabar yaya ce.

Ɗan Samaru

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Ga rahoto.

Baba, kunya ta kama ni. Allurar ta kawu ce, ban taɓa canza ta ba. Na duba ta da gilashin ƙara girma, bakinta ya sha ƙura har ya yi gemu. Na samo sabuwa, na daidaita nauyin hannun a giram 2 kamar yadda takardarta ta ce, na koma kan inbata na bar janareto. Na'urar mai 50 ce, alhamdu lillahi. Shasshakar ta tafi kusan duka. Wanki ya rage tas-tas ɗin tsohon, saura wani ƙarce a gefe na biyu da yake ƙwas sau shida sannan ya wuce.

Malam Bazazzage, na bi shawararka, ƙanena ya riƙa sakawa ina fuskantar bango. Sai dai gwajin bai yi ba, don ƙarcen nan yana tona asirin tsohon, ko a gefe na farko ma ƙarar shigarsa daban ce. Abin da zan iya rantsewa a kai shi ne, da aka daidaita ƙara tazarar ta ragu, ba ta kai yadda na zuzuta ba. Amma tana nan, musamman a ganguna.

Ƙanwata, lambobin tsohon sun dace da wani bugun Turai. Na sabon kuwa na neme su sama da ƙasa ban ga inda suka dace ba, ga rubutun bayan kwalin ya ɗan yi dishi-dishi in ka ajiye shi kusa da ɗayan. Na tura wa mai sayarwar saƙo tun shekaranjiya, ya karanta, shiru.

Ba zan sayar wa kowa da sabon a matsayin na gaske ba, zai zauna a nan. Yanzu damuwata faifan kawu, wajen talatin na ja wannan tsohuwar allurar a kansu. Baba, in na kawo biyu na Shata shago ranar Asabar za ka saurara mini?

Baba Mai Rediyo

Kawo bayan la'asar. Ka naɗo su a tawul, kada ka ɗaure su a bayan mashin cikin rana. Ka taho da na masu ihun nan ma in ji abin da ya cinye kuɗin cefane.