Ina neman sawun kakana: takardar mutuwa ko ƙidayar 1956?

Jikan Malam Babba:

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne, haifaffen Wad Madani a ƙasar Sudan, amma tun Disambar 2023 da yaƙi ya iso garinmu muke zaune a Gadarif. Ranar da muka fito, mahaifiyata ta bar katifa da tukwane, ta rungumo wani ƙaramin akwatin ƙarfe da ban taɓa ganin cikinsa ba. Sai watan jiya ta ba ni makulli. Abin da ke ciki: shahadar tasnin ta mahaifina (takardar kimanta shekaru) mai ɗauke da 1/1/1931, kasimar aurensu (takardar ɗaurin aure), takardar jinsiyyarsa (shaidar zama ɗan ƙasa), da rasit biyu na kuɗin auduga da gara ta ci gefensu.

Kakana nake nema. A gida Malam Babba ake ce masa, kuma kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa furta sunansa ba, saboda alkunya. Abin da ta kan faɗa shi ne ya baro ƙasar Kano yana saurayi bayan yunwar Kakalaba, da niyyar Hajji, ya yi shekaru a hanya, ya iso Sinnar ana cikin ginin madatsar ruwa. Bai ƙarasa Makka ba. Ya rasu mahaifina yana da aure, wato wajen ƙarshen shekarun 1950.

Na je wani ofishi neman shahadar wafatinsa, wato takardar mutuwa, na wuni a layi, ma'aikacin ya ce in kawo ranar mutuwa da lambar rajista. Na ce ai su na zo nema. Ya ɗaga kafaɗa ya kira na bayana. To ina tambaya: ƙidayar 1956 za ta nuna sunansa da garinsu? A ina ake ganinta?

Tsohon Katibi:

Wa alaikumus salam, ɗana. Cire ƙidaya daga ranka. An yi ta ne daga 1955 zuwa 1956, ita ce ta farko a Sudan, ta fitar da mutum miliyan 10 da ɗoriya. Amma abin da aka buga jadawali ne na adadi, lardi lardi, ƙabila ƙabila, harshe harshe. A karkara ma ba kowane gida aka shiga ba, samfuri aka ɗauka. Kakanka yana ciki a matsayin ɗigo ɗaya cikin mutanen Yamma, wato 'yan Afirka ta Yamma. Na 1973 da 1983 kuwa sun zo bayansa.

Shahadar wafati ita ma kada ka sa rai sosai. A wancan zamanin wanda ya mutu a ɗakinsa a ƙauye, liman ya sallace shi aka kai shi kafin la'asar, babu wanda ya je gaban likita. Na yi aikin kotun shari'a shekaru masu yawa, kuma inda na ga matattu sun bar suna shi ne wurin gado. In ya bar hawasha, wato gonar noman rani, a Jazira, ko gida, ko fili, magada ba za su iya juya sunan ba sai da i'ilam shar'i. Wannan takarda tana faɗin wane ɗan wane ya rasu, a ina, yaushe, ta jero matansa da 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, ga shaidu biyu da sunayensu. Rasit ɗin audugar nan, duba su a hasken rana. In akwai lambar hawasha ko sunan taftish, wato sashen gonakin, ka samu bakin zare. Kwafin i'ilamin kuma fara nemansa a hannun babban wan mahaifinka ko 'ya'yansa, don wanda ya ci gadon gona shi ke riƙe takarda.

Sai gargaɗi biyu. Wannan 1/1/1931 ba ranar haihuwa ba ce. Likita ne ya dubi mutum ya kintata shekarunsa, shi ya sa rabin tsofaffin ƙasar nan ranar ɗaya ga Janairu aka haife su. Ka ba ta shekara uku gaba, uku baya. Na biyu ya fi nauyi. Dokar jinsiyya ta 1957 ta nemi a tabbatar kakanni suna zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Wanda ubansa ya iso lokacin ginin madatsar Sinnar, da aka gama a 1925, ka ga bai cika sharaɗi ba. Mutanenmu da yawa sai suka ja tarihin zuwansu baya, wasu suka ari kaka daga maƙwabci, shaidu suka rantse. Ban zarge su ba, da takardar ake shiga makaranta, da ita ake samun aiki. Amma in sunaye huɗun da ke jikin jinsiyyar mahaifinka suka saɓa wa abin da tsofaffi suka sani, kada ka yi saurin ƙaryata tsofaffi.

Hajiyar Makka:

Ɗan uwa, abin da Baba Katibi ya faɗa haka yake. In ƙara maka da rikicin suna, don shi ya ɓata min shekara biyu. Ni a nan aka haife ni, kakanninmu ta tashar jirgin ruwa ta Sawakin suka haye. Ina neman Garba a takardu, ashe magatakarda Balarabe ya rubuta Abubakar. Haka Shehu ke komawa Usman, Audu Abdullahi, Mamman Muhammad, Iro Ibrahim. Mai sunan rana irin Ɗanjuma ko Ɗanlami kuwa ba za ka gan shi da wannan sunan ba sam, sai sunansa na yanka. A ƙarshe kuma a liƙa masa Takaruni ko Fallati ko Hausawi a matsayin nasaba, kamar dukanmu gida ɗaya muka fito.

Nan Makka ko kabari ba ya taimako, don ba a rubuta suna a kai. Abin da ya cece ni Alƙur'anin kakana ne rubutun hannu, cikin gafakarsa. A takardar ƙarshe ya rubuta haihuwar 'ya'yansa da ajami, da ranar mako da wata da shekarar Hijira, har da rasuwar matarsa ta fari. Ka ce Malam ake kiran naku. Malami ba ya rasa gafaka. Tambayi wa ya gaje ta, sau da yawa ba ɗa ba ne, almajiri ne.

Ɗalibi daga Zariya:

Malam, gaisuwa daga gida. In ka samu sunan ƙauyen, ɓangaren nan ba zai yi wuya sosai ba. Ma'ajiyar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da rahotannin kimanta haraji na gundumomin Lardin Kano na zamanin Turawa. Su ma ba sa jero talakawa da suna, amma akwai ƙauyuka, dagatai, yawan masu biyan haraji da sana'o'insu. Kakalaba ta faɗo 1913 zuwa 1914, don haka kana da iyaka ta farko. Akwai kuma Gidan Ɗan Hausa a Kano, inda ake ajiye kayan tarihin jihar. Ta ɓangarenku, Jami'ar Durham a Ingila tana da tarin takardun jami'an mulkin Sudan, tunda zuwa Darul Wasa'ik, ma'ajiyar tarihi ta Sudan da ke Khartoum, ba abu ne mai sauƙi ba yanzu. Amma "ƙasar Kano" kawai ta yi faɗi, kamar a ce a nemo allura a Kurmi. Ko sunan kasuwar da suke ci ne ka samo, ya isa a fara.

Jikan Malam Babba:

Allah Ya saka muku da alheri. Baba Katibi, na duba rasit ɗin kamar yadda ka ce. Akwai lamba, kuma sunan da ke kai ba shi ne na biyu a jinsiyyar mahaifina ba, shi ne na uku. Wato dai an cusa wani a tsakani, aka mayar da kakana kakan mahaifina a takarda. Na nuna wa mahaifiyata, ta yi dariya har da hawaye, ta ce wanda aka cusa ɗin mai shagon unguwarsu ne, ɗan Maiurno, cikin waɗanda iyayensu suka biyo ɗan Sarkin Musulmi Attahiru bayan yaƙin Burmi a 1903. Ta ce buhun dawa aka kai masa na godiya.

Hajiya, na tambayi gafaka. Gwaggona da ke Kassala, autar Malam, ta haura tamanin, ta ce a waya tana wajenta, ƙarƙashin gado cikin buhu. Ta ƙi yarda jikanta ya buɗe ya ɗauko min hoto, wai ba ya riƙe alwala. Ta ce in zo da kaina, in taho mata da goro fari, in kuma zo da safe don da yamma ba ta tuna komai. Na sa a riƙe min kujera a motar Alhamis.