Ingilishin girmamawa ko na sakin jiki: wanne ya dace in zan aika wa mai saye bayani?

Mai Aya, Sabon Gari:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka saba rubutu da Ingilishi. A Maradi nake, ina riƙe wa kawuna lissafi a shagonsa na aya da riɗi, kuma karatuna duka da Faransanci na yi shi, Ingilishin da nake ji bai wuce wanda aka koya mana a aji ba, sai ɗan abin da na tsinta a hanyar Jibiya da Katsina.

Shekaranjiya wata ma'aikaciyar wani kamfani a Legas ta nemi in aika mata farashin tan ɗaya na aya, ni kuma zan haɗa mata da hotunan kayan, da ranar da za mu iya yin lodi. Saƙonta layi ɗaya ne: "Hi, could you send me your price list?", sai sunanta a ƙasa. Na zauna a kan buhu da waya a hannu har aka kira la'asar, ina rubutawa ina gogewa. Abin da na tsayar shi ne "Dear Madam, please find attached the informations you demanded", sa'an nan na fassara doguwar rufewar nan ta Faransanci da ake farawa da "Veuillez agréer". Ƙanena ya karanta ya yi dariya, ya ce kamar wasiƙar neman aiki a wurin gwamna, wai in rubuta "Here you go" kawai in tura. Ni kuma ina ganin hakan raini ne ga wadda ban taɓa gani ba. Har yanzu ban aika ba. Wanne ne daidai?

Tsohon Malamin Ingilishi, Zariya:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yi dabara da ba ka aika ba, domin kafin a zo maganar girmamawa akwai tarko biyu da Faransanci ya ɗana maka. Na farko, kalmar "information" ba ta da jam'i a Ingilishi, ba a ƙara mata harafin ƙarshe da ka ƙara. Na biyu ya fi muni: "demander" na Faransanci roƙo ne ko tambaya, amma "demand" na Ingilishi nema ne da ƙarfi, irin na mai bin bashi. Da ka aika haka, ka ce wa baiwar Allah ta tsare ka ne sai ka ba ta. Kalmar da kake nema ita ce "requested", ko kuma "asked for".

Tushen wahalarka, a ganina, shi ne mu mun saba girmamawa tana zaune a cikin wakilin suna. Bahaushe yana ce wa babba "ku", Bafaranshe yana da "vous", to Ingilishi na yau ba shi da wannan, "you" ɗin nan ita ce ta sarki, ita ce ta yaro. Saboda haka ladabin yana komawa cikin ginin jimla, kamar yadda ita matar ta ce "could you send" maimakon ta ce "send". Ka lura, ba ta yi maka rashin ladabi ba, ta dai taƙaita ne.

Hawa uku ne a nan. "Please find attached" yana sama, ya dace da banki ko ma'aikatar gwamnati ko wanda ba ka san kowane ne zai buɗe saƙon ba. "Here you go" yana ƙasa, na aboki ne da wanda kuka riga kuka saba, kuma ina tare da kai cewa bai dace da saƙon farko ba. A tsakiya akwai "I have attached the price list you asked for", wanda ba ya ɓata wa kowa rai, kuma shi zan zaɓa maka. Doguwar rufewar Faransanci kuwa kada ka fassara ta, Ingilishi ba ya ɗaukar ta. A tsarin Ingila, wasiƙar da aka buɗe da "Dear Sir" ko "Dear Madam" ana rufe ta da "Yours faithfully", wadda aka ambaci sunan mutum kuma da "Yours sincerely", amma a imel na ciniki "Kind regards" ta wadatar. Tun da kundin tafiyar da mulkin Nijar da aka sa wa hannu a watan Maris na 2025 ya sanya Ingilishi cikin harsunan aiki na ƙasar tare da Faransanci, irin wannan tambaya za ta yi ta yawaita.

Hajiya Mai Atamfa, Bagalam:

Allah ya gafarta Malam, bayaninku ya gamsar, sai dai ina da ƙari daga abin da na gani a fatauci, domin na daɗe ina sayen kaya a Kantin Kwari. Ingilishin littafi daban, na Najeriya daban. Mutanen can suna son a ba su girmansu a rubuce, kuma "Sir" da "Ma" ba sa tsufa a wurinsu ko da an shekara goma ana ciniki. Wanda yake Alhaji ko Dakta ko Injiniya, in ka kira shi da sunansa tsirara don ka ga ya rubuto maka "Hi", to ka yi kuskure, domin babba yana da damar sakin jiki da yaro, yaro ba shi da damar mayar masa da irinta.

Na taɓa sa ɗiyata ta tura wa wani dattijo mai shago jerin kayan da nake so ta WhatsApp, sai ta tura jerin kawai babu ko gaisuwa. Kwana biyu bai amsa ba, da na kira shi kuwa abin da ya fara tambayata shi ne ko lafiya, ko akwai abin da ya yi mini. Tun daga ranar, ko layi ɗaya za a tura, sai an fara da "Good morning Sir". Don haka, ɗana, ni shawarata ka hau sama da ita da taki ɗaya. In ta ci gaba da sakin jiki a saƙo na biyu da na uku, sai ka sauko a hankali, domin saukowa ba ta da wuya, hawa bayan an riga an raina mutum ne ke da wuya.

Ma'aikaciyar Ƙungiya, Ali Ɗan Sofo:

Ina aiki da Amurkawa da 'yan Ingila, kuma abin da Hajiya ta faɗa gaskiya ne ga Najeriya, amma kada a ɗauke shi a kai ko'ina. Kalmar "kindly" da ake yawan sawa a Najeriya da Indiya, kunnen Ba'amurke yana jin ta da tauri, wani lokaci ma kamar gargaɗi. Haka "revert" da ma'anar a ba da amsa, yawancinsu ba su san ta da wannan ma'ana ba.

Abin da ya fi damuna a saƙonka ma, ɗan'uwa, lambobi ne. Mu da muka yi karatun Faransanci mukan raba dubbai da ɗigo ko tazara, mu sa waƙafi a gaban ɓurɓushi, Ingilishi kuwa akasin haka yake yi. In ka rubuta 1.500 kana nufin dubu ɗaya da ɗari biyar, ita ɗaya da rabi za ta karanta, don haka 1,500 za ka rubuta. Ka kuma faɗi ko sefa ne ko naira, kada ka yi lissafin jikka da dala irin namu na kasuwa. Ranar lodi ma ka rubuta sunan wata da haruffa, domin 03/04 a Legas uku ga Afrilu ne, a Amurka kuwa huɗu ga Maris.

Mai Aya, Sabon Gari:

Na gode Malam, na gode Hajiya, na gode Yaya, Allah ya saka da alheri. Ga abin da na rubuta yanzu: "Dear Mrs", sai sunanta na farko, sa'an nan "I have attached the price list you requested, with photos of the goods. Kind regards." Farashin na gyara shi da waƙafi, na kuma rubuta cewa sefa ne. In babu gyara zan tura bayan magariba.

Tsohon Malamin Ingilishi, Zariya:

Gyara ɗaya ya rage, ɗana. Ba a haɗa "Mr" ko "Mrs" da sunan farko a rubutun ciniki, da sunan iyali ake haɗa su, wato na ƙarshe a sa hannunta. Kuma tun da ba ka san ko tana da aure ba, ka sa "Ms", wadda ta dace da mai aure da marar aure. In sunan farko kaɗai ta rubuta maka, to "Dear" da sunan nan ya isa. Ka kuma duba cewa takardar farashin ta maƙalu da gaske kafin ka danna.