Kare ya ji rauni: me kuka yi, me ya biyo baya?

Uwar Yara

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kiwon karnuka. Na taso da wannan zance ne saboda abin da ya same ni, wanda har yanzu hankalina bai gama kwanciya ba. Karyata ta fita da daddare, wani kare ya cije ta a kafaɗa. Da safe na duba, ban ga komai ba sai 'yan huji biyu kamar kan ashana, jinin ma ɗan kaɗan. Na goge da tsumma na ce ai ya wuce. Bayan kwana uku wurin ya kumbura suntum, jikinta ya yi zafi rau, ta daina ci, ko hannu aka kai sai ta yi kuka. A asibitin dabbobi likita ya aske gashin wurin ya tsaga, mugunyar da ta fito ba ta kallo ba ce. Ya nuna min yadda haƙori ya raba fata da nama, ya bar rami a ƙarƙashi wanda yatsansa ke shigewa duka. Yanzu an saka mata 'yar roba mai fitar da ruwa, tana kuma shan magani. Don Allah wanda ya taɓa jinyar kare mai rauni ya faɗa mana yadda ya yi, har da inda ya kuskure.

Baba Mai Karnuka

Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, 'yata. Cizon kare haka yake, baki ƙarami, ɓarna a ciki. Kare in ya kama sai ya girgiza kai, to girgizawar nan ce ke yaga nama ta ƙasa.

Ni nawa kwalba ce. Babban karena ya taka fasasshiya, ta yanke masa tafin ƙafar gaba, duk inda ya taka sai jini. Na kai hannu kai tsaye, karen da na yi renonsa tun yana kwikwiyo ya kawo min cizo. Ban ga laifinsa ba, zafin ciwo ba ya barin dabba ta tuna mai ita. Sai na samu tsumma mai tsawo na ɗaure masa baki, na zagayo ta bayan kunnuwa na ƙulle, sannan na ninka tawul mai tsabta na danne wurin. Abin da ya wahalar da ni shi ne leƙe. Kowane minti sai na ɗaga in ga ko ya tsaya, jinin da ya fara daskarewa sai ya sake ɓallewa. Ɗana ne ya ce mu sa agogo a gaba, mu danne minti 10 ba ɗagawa. Da tawul ya jiƙe muka ɗora wani a kai, ba mu cire na ƙasa ba. A nan ya tsaya. An yi masa ɗinki a ranar, aka naɗe ƙafar, likita ya ce in riƙa taɓa yatsun safe da yamma: in sun kumbura ko sun yi sanyi, ɗaurin ya matse, a kwance shi. In bandeji ya jiƙe kuma a canza nan take, kada ya kwana a jiƙe.

Ɗan Autan Gida

Nawa labarin har yau yana damuna. Waya mai ƙaya ce ta yaga wa karena gefen wuya. Wani ya ce in zuba baƙin mai, wai yana korar ƙuda kuma yana busar da ciwo. Na zuba. Wurin ya yi baƙi ƙirin, na daina ganin abin da ke ciki, shi kuma yana ta lasar wanda ya gangaro har ya fara amai. Kwana huɗu sai wari. Da na ɗaga gashin da ya manne, tsutsotsi ne cike, suna motsi. Sai da aka yi masa allurar barci aka tsince su ɗaya bayan ɗaya da hantsaki, aka yanke naman da ya mutu. Raunin da ɗinki kaɗan zai rufe ya zama gyambon da muka yi wata biyu muna jinya. Likitan ya gaya min ƙwan ƙuda na iya ƙyanƙyashewa cikin kwana ɗaya, shi ya sa dole a duba ciwo kullum, a kuma ajiye karen inda ƙuda ba ya samunsa. Baƙin mai, kananzir, fetur, kada wanda ya gwada, don Allah.

Mai Gadin Dare

Ni fa a gafarce ni, ina da ja. Karnukana sun sha jin ciwo, su lashe abinsu su warke, ban taɓa sa musu komai ba. Ina ce yawun kare magani ne?

Anti Nas

Malam, ƙaramin ƙwarzane yakan warke ko an lasa ko ba a lasa ba, jiki ne ya yi aikinsa, ba yawu ba. A asibitin dabbobi nake aiki, kuma waɗanda lasa ta lalata wa ciwo su ake kawo mana. Bakin kare cike yake da ƙwayoyin cuta, su ne ma suka haɗa wa karyar Hajiya Uwar Yara mugunya. Harshensa kuma kaushi gare shi, yana kankare sabon naman da ke tohowa. Na taɓa jinyar wani da ya lashi wuri ɗaya a ƙafarsa har ya zama miki mai kauri da ya ƙi rufewa wata da watanni.

Bari in faɗi yadda na yi wa nawa karen ranar da kwanon rufi ya yanke shi a cinya. Na sa safar hannu. Na rage gashin gefen da almakashi a hankali, don gashi shi ke riƙe datti. Na tafasa ruwa rabin lita, na zuba gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, na bari ya huce. Sai na riƙa zuƙa da sirinji marar allura ina fesawa cikin raunin, ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba, har sai da ruwan ya fara gangarowa garau. Yawan ruwan nan shi ne maganin, mutane kuma a nan suke gajen haƙuri. Bayan haka na sirka aidin irin na povidone da ruwa, kashi ɗaya cikin goma, na shafa. Sifirit da haidirojin mai kumfa ba na zuba su cikin buɗaɗɗen ciwo. Kumfar tana burge ido, amma tana kashe lafiyayyen nama tare da cutar, sifirit kuwa azabarsa kaɗai ta isa kare ya ƙi yarda da kai gobe.

Abin da ya fi ba ni takaici a wurin aiki shi ne jinkiri. Yankan da aka kawo cikin awa 6 zuwa 8 yawanci ana iya wankewa a ɗinke. In ya kwana biyu, sau da yawa sai dai a bar shi a buɗe ya cike da kansa, jinyar ta yi tsawo. Akwai kuma waɗanda ba na gida ba ne sam: huji a ƙirji ko ciki, raunin ido, wanda ake hango ƙashi, jinin da ya ƙi tsayawa bayan minti 10, ko ka ɗaga leɓe ka ga dasashi ya yi fari fat. In ƙarfe ko itace ya cake ya tsaya, kada a zare, a tafi da shi haka. Baba, ɗaure bakin nan da kuka yi daidai ne, sai dai in kare na amai ko numfashi na yi masa wuya, ba a ɗaurewa.

Mai Gadin Dare

To na ji, Anti. Gaskiya akwai guda da kunnensa ya ƙi warkewa, yanzu na gane.

Yaya Babba

Batun lasa, gani ya kori ji. An yi wa karyata ɗinki a ciki, aka sa mata abin wuyan nan na roba mai kama da mazurari. Tana ta karo da bango, ta ƙi kwanciya, tausayi ya kama ni na cire mata dare ɗaya. Da asuba zare uku babu, bakin ciwon a buɗe. Aka sake ɗinki. Karo na biyu ban cire ba sai da aka warware zaren a kwana na 14. Kwana biyun farko ne kawai wahala, daga nan ta saba, har ci da sha take yi da shi.

Maman Biyu

Ni na rasa nawa, kuma ba raunin ne ya kashe shi ba. Mota ce ta goge shi a ƙafa, yana ta nishi da dare, na kasa jurewa na ba shi ibuprofen ɗin da nake sha, na ƙara washegari, na sake ƙarawa. Sai amai da jini, kashinsa ya koma baƙi kamar kwalta. Da muka kai shi aka ce maganin ya yi masa gyambon ciki ya kuma taɓa ƙoda. Bai kwana biyu ba. Raunin ƙafar kuwa har ya fara kamewa. Na sani yanzu cewa diclofenac ma haka yake yi musu, paracetamol kuma hanta yake lalatawa in aka ba da shi da ka. Akwai maganin zafi na karnuka, likita ke auna shi da nauyin jiki.

Anti Nas

Sannu Maman Biyu, Allah ya ba ki haƙuri. Tausayi ne ya sa ki, ba mugunta ba.

Hajiya mai wannan zance, tambaya ɗaya: karyarki tana da rigakafin ciwon haukan kare? Kin san karen da ya cije ta? Ki gaya wa likita ko bai tambaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cutar na kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kusan duka ta cizon kare, kuma in alamu suka bayyana ba ta da magani. Wanda kare ya ciza ko ya yakusa garin jinya, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, ya wuce asibiti a ranar.

Uwar Yara

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Anti, tana da rigakafi, likita ma ya ƙara mata wata allurar a ranar, tunda ba mu san karen ba. Jiya aka cire robar. Kumburin ya saɓe, ta fara ci. Sai dai cikin ramin ya yi ja jawur, da 'yan gudaje-gudaje masu sheƙi, in na wanke yakan ɗan yi jini. Ya sake lalacewa ne?

Anti Nas

A'a Hajiya, sabon nama ne ke cikowa, shi muke jira. Kada ki goge shi da ƙarfi, ki fesa ruwan gishirin kawai. Abin tsoro shi ne wari, ko ruwa mai kauri rawaya ko kore, ko kumburin ya dawo. Ki ƙarasa mata maganin duka ko ta warware, abin wuyan kuma ya zauna har fata ta rufe.