Tauraruwa mai wutsiya, ganinki ba alheri ba: wai sama ke jan zamani?

Ɗan Adar:
Salamu alaikum jama'a. Karin maganar ga na kawo muku yau, ta daɗe tana cina a rai. A 1997 ina ɗan shekara tara nan Tahoua, wajen watan Maris zuwa Afrilu, kullum bayan magariba sai ga tauraruwar nan mai wutsiya can yamma maso arewa, fara tas kamar an ja alli bisa allo. Muna zaune tsakar gida bisa tabarma kakata ta ɗaga kai ta gan ta, ta ce tauraruwa mai wutsiya ganinki ba alheri ba, ta kore mu ɗaki, da safe ta daka gumba ta raba wa yaran unguwa sadaka. Da anka kashe shugaba Bare ran 9 ga Afrilun 1999 sai ta ce ai na faɗa muku. Daga baya na san Turawa Hal-Bof suke ce ma tauraruwar.
To abin da ya tado mini da zancen, wani abokina da ya yi karatu Faransa ya zo fadarmu yana ba mu labarin wani Bafaranshe masanin taurari Andre Barbo, wanda ya rasu 2019. Wai shi tarihin ƙasashe yake karantawa daga taurarin nesa. Biyu daga cikinsu, Zuhal da Neftun, suna haɗuwa, wato su jeru wuri ɗaya a sama, kusan duk shekara 36, sun haɗu 1917 anka yi juyin juya halin Rasha, sun haɗu 1953 Stalin ya mutu, sun haɗu 1989 katangar Balin ta faɗi, lissafi kuma ya ba da wata haɗuwar a Fabrairun 2026. Wallahi jikina ya yi sanyi don ban ga bambancinshi da kakata ba. Shin kakanninmu abin da suke nufi ke nan da karin maganar, ko mu ne ba mu gane ta ba?

Tsohon direba:
Wa alaikumus salam ɗana. Allah shi jiƙan kakarka. Ni dai shekara talatin ina hanyar Konni zuwa Abijan kuma duk inda na ji an faɗi maganar ga, mutum ake faɗa mawa. Wanda ba ya zuwa gidanka sai da takardar sammaci, ko ɗan aiken da ba ka ganinshi sai an yi rasuwa, ko mai bin bashi. Zamanin da ake karɓar haraji da tsiya in dogari ya ɓullo bakin gari haka tsofaffi ke cewa. Amma kuma ba zan ɓoye maka ba, farkon 1974 an yi ta zancen wata mai wutsiya, watan Afrilu ran 15 Kunce ya kifar da Jori. Mutane sun haɗa su.

Mushen lise:
Baba direba gaskiyarka, Kohutek sunanta, ta fi kusa da rana ƙarshen Disamban 1973, sai dai ba ta yi hasken da aka yi tsammani ba. Amma Baba kai shaida ne, fari ya fara tun 1968. Kafin a ga tauraruwar dabbobi sun riga sun ƙare a arewa, makiyaya sun cika sansani a Lazare nan Yamai, ana ta ƙorafi kan yadda ake raba hatsin agaji, ga Jori yana ja da Faransa kan kuɗin uraniyom. Wanda ke zaune Yamai lokacin bai buƙatar ɗaga kai sama kafin ya san akwai abin da ke tafe.
Ɗan Adar bari in ba ka lissafin da nake koya wa yara. Mushtari yana kewaya rana cikin kusan shekara 12, Zuhal 29 da rabi, Yuranus 84, Neftun kusan 165, Fuluto 248. Wannan gaskiya ne ba gardama, ana iya faɗa maka ranar da biyu za su jeru shekara ɗari kafin ta zo. Inda nake tsayawa shi ne fassarar. Yuranus sai 1781 aka gano shi, Neftun 1846, Fuluto 1930. Neftun tun da aka san shi sau ɗaya tak ya gama kewaye, a 2011. Fuluto ko rabin hanya bai kai ba tun da ɗan Adam ya fara ganinshi, kuma 2006 masana suka cire shi daga jerin manyan duniyoyi. To yaya za ka ce ka san halin abin da ba ka ga ya je ya dawo ba ko sau biyu? Manomi ma sai ya ga damina da yawa a gona kafin ya ce ga halin ƙasarta.

'Yar Harobanda:
Mushe ina girmama ka amma ni ban yarda a share zancen haka ba. Ran 12 ga Janairun 2020 Zuhal da Fuluto suka haɗu, wata biyu bayan nan korona ta rufe duniya, nan Nijar ran 19 ga Maris aka sanar da mutum na farko, aka rufe masallatai aka killace Yamai, ni kaina shekarar karatuna ta lalace. Haɗuwarsu ta 1914 yaƙin duniya na ɗaya, ta 1947 aka raba Indiya da Pakistan. Kuma masu bin Barbo suna cewa ya yi maganar annoba a 2020 tun shekaru kafin ta zo. Sannan Yuranus da Fuluto sun haɗu 1965 da 1966, duba abin da ya biyo, juyin mulkin Najeriya, yaƙin Biyafara, boren ɗalibai a Paris 1968. Ni ba cewa na yi tauraro ne ke yi ba, amma ko ba zai yiwu Allah ya sa su kamar agogo ba? Agogo ba shi ke kawo azahar ba amma yana nuna ta.

Mushen lise:
Ɗiyata misalin agogon ya yi kyau, to mu gwada shi da ƙasarmu. Juyin mulki a Nijar: 1974, 1996, 1999, 2010, 2023. Tazarar ita ce 22, 3, 11, 13. Wane agogo ke bugawa haka? Kuma kin tsallake 1982, ita ma Zuhal da Fuluto sun haɗu, me za mu liƙa mata? In kin nema za ki samu, yaƙin Lubnan ko na Fokland, don ba shekarar da duniya ba ta da masifa. Abin da ke damuna ke nan. Taurarin nesa biyar ne, kowane biyu suna da haɗuwa da fuskantar juna da tsayawa a kusurwa, masu abin kuma suna ba da rangwamen shekara biyu ko uku gaba da baya, to kin ga kusan kowace shekara ta shiga raga. 1960 ƙasashen Afirka 17 suka samu 'yanci har da mu ran 3 ga Agusta, babu babbar haɗuwar da ta faɗo daidai nan, sai a ce ai guguwar 1965 ce ta fara da wuri. Wanda ya harba kibiya sannan ya je ya zana da'ira inda ta faɗi ba ya kuskure.
Kuma ki lura tarihin wa ake karantawa. Rasha, Faransa, Amurka. Yunwar 1984 da ta tashi garuruwa a Adar ba na jin tana cikin jadawalin kowa, haka karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994 da ta sa albashin babana ya zama ba ya kai tsakiyar wata.

Almajirin zaure:
Jama'a a yi hattara, zancen ya taɓa aƙida. Ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce don mutuwarsa ne, Annabi ya tashi ya ce rana da wata ayoyi ne na Allah ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Kuma a Hudaibiyya bayan an kwana ana ruwa ya gargaɗi masu cewa tauraro kaza ne ya ba mu ruwa. Ƙanwata 'yar Harobanda ko a ce agogo ne, da'awar sanin gaibu ce ta shigo ta taga.
Kuma abin ba Turawa suka fara shi ba. Abu Ma'ashar a Bagadaza, wanda ya rasu 886, ya yi rubutu kan haɗuwar Mushtari da Zuhal duk shekara 20 yana fassara tashi da faɗuwar dauloli da ita. Ibn Haldun ya san wannan ilimi sarai ya kawo shi a Muƙaddima, sannan ya ware babi ya rushe shi. Shi ma ya yarda daula tana tsufa kamar mutum, ya ce galibi zuriya uku ce wajen shekara 120, amma dalilin da ya bayar a ƙasa yake, kakanni sun sha wuya sun haɗa kai, 'ya'ya sun gada, jikoki sun tashi cikin daɗi sun manta. Mu ma muna da ta bakinmu, duniya rawar 'yan mata na gaba ya koma baya.

Hajiya ta Wadata:
Malam Allah ya ƙara ilimi. Tambayata, mahaifina a Madawa da taurari yake shuka, yana ƙirga Nasara, Ɗarfa, Jabha, kwana goma sha uku-uku, in kaza da 'ya'yanta ta ɓullo da asuba ya san damina ta matso. Shi ma laifi ne? Don mutum ne mai sallar dare wallahi.

Almajirin zaure:
A'a Hajiya, wannan ƙirgar lokaci ce kamar ganin wata, Alƙur'ani ma ya ce da taurari suke shiryuwa a hanya. Matuƙar bai ce tauraron ne ke saukar da ruwan ba babu komai.

Mushen lise:
Kuma Hajiya na mahaifinki ana iya gwada shi, duk shekara tauraron yana dawowa damina tana dawowa, sau ɗaruruwa an gani, dalilin kuma sananne ne, kewayen duniya ga rana ke kawo duka biyun. Ran 21 ga Disamban 2020 na fitar da 'yan ajina bakin kogin Isa bayan magariba muka kalli Mushtari da Zuhal sun matso har kamar tauraro ɗaya, rabon da su kusanci juna haka tun 1623. Wata yarinya ta riƙe mini hannun riga tana tambaya ko wani abu zai same mu. Ranar na yi baƙin ciki sosai, abu mai kyau haka yaro ya kalle shi da tsoro.

Ɗan Adar:
Na gode kowa. Mushe lissafin tazarar juyin mulkin nan ya shige ni, zan kai ma abokina shi fada in ji mi zai ce. Amma Baba direba akwai abin da ban gane ba har yanzu, in mutum ake nufi mi ya sa anka zaɓi tauraruwa? Dole akwai lokacin da mutane sunka ji tsoronta da gaske.

Tsohon direba:
Akwai mana ɗana. Tsofaffinmu sun ba da labarin wadda ta fito 1910, Mushe ya san sunanta, ba a jima ba yunwar Kakalaba ta zo 1913 zuwa 1914, ga Nasara sun shigo da haraji da aikin tilas. Wanda ya rayu cikin wannan dole ganinta ya tsaya mishi a rai. Ta dawo 1986 ina kwance bisa rufin mota a Dosso na neme ta da ƙyar na hango ɗan dishi-dishi, na yi addu'a na kwanta. Kakarka ma ai da ta tsorata sadaka ta yi, yaran unguwa sunka ci gumba. Sai dai kar ka kuskura ka faɗa ma surukinka maganar ga in ya daɗe bai zo gidanka ba, na san wanda ya yi haka da wasa a Badagishiri, sai da manya sunka shiga tsakani kafin matarshi ta dawo ɗaki.