Finafinan manyan robot na Amurka: akwai abin kirki a ciki ko ƙara ce kawai?

Ɗan Gwale ya rubuta:

Salamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masu bin finafinan turawa. Wai finafinan nan na ƙattin robot irin su Transformers da Pacific Rim da suke saki lokacin hutun bazararsu, wajen Mayu zuwa Agusta mu nan muna damina, akwai wani abin kirki a ciki ne ko ƙarar fashewa kawai ake sayar mana? Ni dai Transformers na farko na 2007 har gobe ina sonsa, amma daga na biyu zuwa na biyar da an fara faɗa wlh ba na gane wa ke dukan wa, ƙarfe ne kawai ke juyi a allo, sai ƙura ta lafa ka ga ɗaya a kwance ka ce au, ashe bos ne ya mutu. Kuma abin mamaki na uku da na huɗu kowanne ya haura dala biliyan ɗaya. Sannan wanne zan fara ba ƙanena ɗan JSS 2, don ya dame ni.

Mai Kyamara:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa idonka lafiya lau, matsalar daga ɗaukar take. Ni editin bidiyo nake yi, na biki da talla, kuma abu na farko da ake koya maka shi ne mai kallo ya san waye a dama waye a hagu kafin ka yanka. Michael Bay, daraktan guda biyar ɗin farko, daga tallace-tallace da bidiyon waƙa ya taso, inda ake so kowace daƙiƙa ta ɗau ido, to sai ya kawo wannan salon fim na awa biyu da rabi, kyamara na zagayawa, robot na zagayawa, gini na faɗuwa a baya, jirgi na wucewa ta sama, kafin idonka ya zauna an yanka. Ƙari a kan haka 'yan Decepticon, wato miyagun robot ɗin, kusan duk launin toka ne, Megatron da Starscream da yaransu duk ƙaya-ƙaya ne masu sheƙi, in suka cakuɗe ba siffar da za ka riƙe. Optimus da Bumblebee, robot ɗin ɓangaren jarumai, su ne kawai ke tsira saboda ja da shuɗi da rawaya.

Yanzu ka je ka sake kallon Pacific Rim na 2013, na Guillermo del Toro, wurin faɗan Hong Kong. In Gipsy Danger, babban robot ɗin da ke yaƙar dodanni a fim ɗin, zai kai naushi sai ka ga kafaɗa ta fara tafiya, sannan gwiwar hannu, ruwa na zuba daga jikinsa, sannan naushin ya sauka, kamar dai a filin dambe inda kake ganin ɗan dambe ya dasa ƙafa ya auna tun kafin ya saki hannun, shi ya sa in ya kwab ɗaya kowa ke tashi tsaye. Kuma sau da yawa ana ajiye kyamarar ne a ƙasa, inda mutum zai tsaya a titi ya ɗaga kai, sai ka ji girman abin a jikinka. Wurin da ya jawo jirgin ruwa a hannu ta tsakiyar gari zai maƙa wa dodon, ba ka buƙatar a faɗa maka tsayinsa. Nauyi, shi ne duk sirrin. Robot ɗin da ba ka jin nauyinsa katun ne mai tsada.

Amma kada in yi son kai, shi ma yana da nasa. Kusan duk faɗan da dare ne cikin ruwan sama ko ƙarƙashin teku, in a waya kake kallo da kwafi mara kyau baƙi ƙirin za ka gani. Jarumin, Charlie Hunnam, ba shi da wani armashi, Idris Elba da Rinko Kikuchi ne suka ɗauke fim ɗin. Sannan an nuna mana wasu robot biyu, Cherno Alpha na Rasha da Crimson Typhoon na China mai hannu uku aka yi ta kuranta su, fitowarsu faɗa ke da wuya aka gama da su cikin 'yan mintuna. Wannan har yau yana min ciwo.

Sani Tanka:

Haba Mai Kyamara, kun cika raina Bay wlh. Kowa ya zage shi amma wa ya iya abin da yake yi? Mutumin nan motoci na gaske yake fasawa, wuta ta gaske, da rana tsaka, sannan kamfanin ILM su ɗora robot a kai, shi ya sa fim ɗin 2007 har yanzu in ka kalla ya fi wasu na bana kama da gaske. Optimus kaɗai an ce sassa sama da dubu goma aka haɗa masa a kwamfuta. Ka tuna farkon fim ɗin da helikwafta ya sauka a sansanin sojan Amurka a Qatar ya fara warwarewa, ga sautin nan, wa bai ji tsikar jikinsa ta tashi ba? An saka shi takarar Oscar har uku, biyu na sauti ɗaya na siddabarun kwamfuta. Kuma awan ƙarshe na Transformers na uku, Dark of the Moon, a Chicago, da sojoji suka diro da rigar fiffike ta tsakanin benaye, mutane ne na gaske suka yi tsallen. Ni ba na shiga irin wannan fim don neman darasi, in darasi nake so na san inda zan je hhh.

Kuma wancan Pacific Rim da kuke yabo, robot na da takobi tun farko amma ba a tuna da shi ba sai da dodo ya ɗaga su sama, to wannan wane irin hankali ne?

Abu Hanif:

Bari in amsa ɓangaren kuɗin don shi ne ba a taɓa ba. Transformers asalinsa ba labari ba ne, kayan wasan yara ne. Kamfanin Takara na Japan ke yin motocin roba masu rikiɗa, Hasbro na Amurka ya sayi haƙƙinsu ya sa musu suna a 1984, aka yi katun da littafin zane don a tallata su. Har a fim ɗin katun na 1986 kashe Optimus Prime suka yi don a share tsofaffin kaya a kawo sabbi kanti, yara suka yi ta kuka a sinima, dole aka dawo da shi daga baya. To in ka san haka ba za ka yi mamakin yadda kowane fim ke zuwa da sabbin robot goma da ba a ko gaya maka sunansu da kyau ba.

Sai motoci. Bumblebee a katun ƙaramar Volkswagen ce, a fim ya koma Camaro saboda yarjejeniya da General Motors. Sojan Amurka kuma sun ba da jirage da sansani, shi ya sa kullum suke fitowa fes. Lokacin sakin ma lissafi ne, tun daga Jaws a 1975 da Star Wars a 1977 Hollywood ta gane cewa in yara na hutu ana zafi, fim ɗaya babba da aka baza a sinimomi da yawa lokaci guda zai kwashe kuɗin shekara.

Game da na biyu da ka ce daga nan ka daina ganewa, akwai dalili. Marubutan Hollywood sun shiga yajin aiki daga Nuwamba 2007 zuwa Fabrairu 2008, ranar sakin fim kuma an riga an tsayar, sai aka fara tsara wuraren faɗa kafin a gama labari. Shi ya sa za ka ga an tashi daga Amurka an faɗa Masar da Jodan ba tare da ka san me ake nema ba. Ya ci kyautar Razzie ta fim mafi muni, shi kansa Bay daga baya ya amsa cewa bai yi ba, amma duk da haka ya tara sama da dala miliyan 800.

Na huɗu, Age of Extinction na 2014, shi ya fi kowane fim kuɗi a duniya a shekarar, kuma abin da ya samu a China ya fi na Amurka. Ka lura ƙarshen fim ɗin Hong Kong aka koma, ana shan madarar kwali ta China a gaban kyamara, har mutumin Texas na amfani da katin bankin China. Fashewa ba ta buƙatar fassara, wanda ba ya jin turanci ma zai biya ya kalla. Pacific Rim ma China ce ta cece shi, a Amurka da ƙyar ya wuce miliyan 100, a duniya ya kai wajen 410. Amma mutane na gajiya, The Last Knight na 2017 da aka cusa Sarki Arthur a ciki ya faɗo wajen miliyan 600, kusan rabin na baya.

Maman Iman:

Ni ta ɓangaren ƙanen naka zan yi magana. Don Allah kar ka ba shi na Bay shi kaɗai, musamman na biyu, barkwancin banza ya yi yawa, kuma yadda kyamara ke bin jikin Megan Fox tun a na farko ba abin da za ka zauna da yaro ko surukarka ku kalla ba ne, hannunka na kan rimot kullum. Matan ciki ba a ba su aikin komai sai gudu da ihu da tsayawa kusa da mota. Ka ba shi Bumblebee na 2018. Travis Knight ne ya ba da umarni, mace ce ta rubuta, Christina Hodson, labarin yarinya ce da mahaifinta ya rasu ta samu tsohuwar Volkswagen rawaya a 1987, robot ɗin kaɗan ne, kowa da launinsa, kuma bai kai awa biyu ba. Yarana sun kalla har ƙaramar ta yi hawaye. Abin dariyar shi ne ba ma a bazara aka sake shi ba, a Disamba ne, kuma bai yi kuɗin na Bay ba duk da masu sharhi sun fi yabonsa.

Sani Tanka kuma, ba wanda ya ce a yi mana wa'azi, amma ko faɗa ne sai ka damu da wanda ake duka sannan yake daɗi.

Baba Na Kaduna:

Ku yaran nan kun sa ni dariya. Mu da muka taso ana sa mana Voltron a talabijin da yamma, zakuna biyar su haɗe su zama ƙato ɗaya, mun san ƙarshen kowane kashi tun kafin a fara, sai an sha wuya sannan a zaro takobi, amma gobe ma muna gaban akwatin. To Sani, maganar takobin Pacific Rim da gangan ne, gadon katun ɗin Japan ne, del Toro da su ya taso. Su Japanawa sun daɗe a wannan harka, Mazinger Z tun 1972 shi ya yaɗa salon mutum ya shiga cikin robot ya tuƙa, Gundam ya zo 1979 ya mai da abin labarin yaƙi na gaske inda yaro matuƙi ke tsoro kuma mutane na mutuwa ta kowane ɓangare. Amurkawa sun ɗauki ƙarfen sun bar wannan ɓangaren. Peter Cullen dai da ke muryar Optimus tun 1984 shi ne har a finafinan, in ya yi magana sai in ji na koma yaro.

Injiniya Bash:

Ƙaramin tsokaci kan nauyin da Mai Kyamara ya ambata. In ka ninka tsayin abu sau biyu ba ka canja siffarsa ba, nauyinsa sau takwas yake ƙaruwa, amma ƙarfin ƙafar da ke ɗauke da shi sau huɗu kawai. To robot mai tsayin kusan mita 80 irin na Pacific Rim, wato bene mai hawa ashirin da wani abu, in ya taka kwalta nutsewa zai yi, in ya yi gudu gwiwarsa ce za ta fara karyewa. A Yokohama sun gina Gundam mai motsi na mita 18, an buɗe a 2020 aka rufe a 2024, kuma ta baya a ƙugu aka riƙe shi da ƙarfe, tafiyarsa a hankali ƙwarai. Don haka duk ƙarya ce, sai dai wani ya fi wani iya ta. Ka duba Pacific Rim Uprising na 2018 da John Boyega ya ja, del Toro bai ba da umarni ba, robot ɗin suna tsalle suna wulƙitawa da rana tsaka, an ga komai sarai amma ba wanda ya ji komai, kuɗin ma bai kai miliyan 300 ba.

Ɗan Gwale:

Kai na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Hajiya Maman Iman na ɗauki shawararki, Bumblebee zan sa a tura masa. Baba Allah ya ƙara girma, Gundam ɗin daga wanne ake farawa, na ga suna da yawa? Sannan ba wanda ya ce komai kan Rise of the Beasts na 2023 wanda aka yi a Peru, na ji har da ɗan asalin Najeriya Tobe Nwigwe a ciki.

Sani Tanka:

Rise of the Beasts ba laifi, ana gane faɗan, Tobe kuma ɗan ƙaramin rol ne a farko, abokin jarumin. Amma faɗan ƙarshe a wani fili mai toka aka yi shi ba gini ba mutane ba motar da za a fasa, duk kwamfuta ce, ni kam a nan na yi kewar Bay. Hajiya ki yi haƙuri, na huɗu ma zan sake kalla daren nan in an kawo wuta, minti 165 ne.