Ɗan resilin zai iya shiga kejin UFC? Muhawarar zauren 'yan Gwagwa da kewaye

Nazifi Gwagwa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau raina a ɓace yake, kuma sai na faɗa. Jiya da daddare na biya kuɗina a gidan kallon layinmu, ana tsakiyar resilin, mai gidan ya ɗauki rimot ya mayar da mu maimaicin UFC, gasar faɗan gaske da ake yi a cikin keji, wai shi ba zai ƙona fetur ɗinsa a kan wasan ƙarya ba. Yara suka kwashe da dariya suna kallona, don kowa ya san ni ne mai resilin a wurin. To a isar masa da saƙo: waɗannan da yake rainawa, in suka ga dama su shiga kejin nasa su ɗauke kambun. Brock Lesnar daga kamfanin resilin na WWE ya fito, a faɗansa na huɗu kacal ya buge Randy Couture a Nuwamban 2008 ya zama zakaran masu nauyi na UFC. Duk ɗan resilin da ya amsa sunansa zai iya haɗa sana'o'in biyu. Ƙwararru ne na duniya, ba irin damben ƙauye da ake tururuwar kallo a Dei-Dei ba.

Bashir Kubwa: Wa'alaikumus salam. Ka yi haƙuri da abin da aka yi maka, amma kalmar "duk" ɗin nan ta yi nauyi. Lesnar tun kafin ya san ƙofar WWE ɗan kokawa ne na gaske, shi ya ci gasar jami'o'in Amurka a ajin masu nauyi a 2000, yana Jami'ar Minnesota. Wannan kokawar ce ta yi masa rana a keji, ba tsalle daga kan igiya ba. Ka kawo mana CM Punk mana, shi ma ɗan WWE ne. Ya sa hannu da UFC a ƙarshen 2014, ya yi kusan shekara biyu yana atisaye, ya shiga da Mickey Gall a Satumbar 2016, yaron ya kayar da shi ya shaƙe shi a turmin farko, minti biyu da 'yan daƙiƙu.

Baba Sale Mahauci: Dakata tukuna Bashir. Kai Nazifi, wane ne ɗan ƙauye?

Nazifi Gwagwa: Baba ni ban ce kai ba. Wasan na ce.

Baba Sale Mahauci: Wasan ai gadon gidanmu ne. Dambe na mahauta ne tun kaka da kakanni, ubana ya ɗaura zare, ni ma na ɗaura kafin gwiwa ta hana ni. In ka ce wasan ƙauye ka zagi ubana ke nan. Ka goge wannan kalma, yaro.

Sadiku Zuba: Allah ya ƙara girma Baba. Mutumin da aka haifa a Gwagwa yana kiran wani ɗan ƙauye, ikon Allah.

Nazifi Gwagwa: Gwagwa a cikin Abuja take, Sadiku. Kai da kake Zuba, ƙafa ɗaya a jihar Neja, kai ne za ka yi min gorin birni?

Sadiku Zuba: Zuba ce ƙofar Abujar. Duk motar da ta taso daga Kaduna sai ta gaishe mu kafin ta gan ku.

Bashir Kubwa: Jama'a mu koma kan magana. Ina so in ƙarasa batun Punk, don faɗansa na biyu a 2018 ma bai ci ba.

Maman Hanif: Ni fa ban ga laifin kalmar ba. Ƙauye zagi ne? Dukanmu nan daga ƙauye iyayenmu suka taso. Dambe kuma lokacin kaka ake yin sa a garuruwa bayan an cire amfanin gona, kowa ya san haka. Sai dai in kunyar asalinku kuke ji.

Baba Sale Mahauci: 'Yata, ba kalmar ba ce, yadda ya ajiye ta ne. Ya ɗora Turawa masu fenti a fuska a sama, ya ce su ƙwararru, ya ajiye namu a ƙasa. Ɗan dambe yana shiga fili da hannu ɗaya ɗaure da zare, babu wanda ya gaya masa wa zai faɗi. Turmi uku, ko kisa ko a raba. Wanda ya faɗi ya faɗi a gaban mutanen garinsu, makaɗi yana kallon sa. Ɗan Anace bai yi wa Shago waƙa don an shirya masa nasara a takarda ba.

Nazifi Gwagwa: To ai nan kuke kuskure, ku da mai gidan kallon. An shirya wanda zai ci, na yarda, kamfanin WWE da kansa ya faɗa wa 'yan majalisar jihar New Jersey haka tun 1989. Amma faɗuwar da suke yi an shirya mata katifa ne? Mick Foley daga saman keji aka jefo shi ya faɗo kan tebur a 1998. Owen Hart a gaban 'yan kallo ya faɗo ya mutu a 1999. Wannan ƙarya ce?

Auwalu Mai Waya: Babu wanda ya ce ba sa jin ciwo. Birkila ma yana faɗowa daga bene, bai zama ɗan dambe ba.

Nazifi Gwagwa: Kai Auwalu ka fara kawo min wayata da ta kwana biyu a shagonka kafin ka sa min baki.

Auwalu Mai Waya: Ka kawo cikon kuɗin gilashi ka karɓi abarka. Tun ranar Juma'a take a gyare.

Nazifi Gwagwa: Gilashin da ka ce na asali ne, ga shi ko yatsa ba ya ji a gefe?

Alhaji Ubale (shugaban zaure): Maganar waya ku yi ta a gefe. Nan ba shago ba ne.

Bashir Kubwa: Nazifi, bari in taimake ka da hujjar da ta fi taka, don ni gaskiya nake bi. In ana maganar haɗa biyun a lokaci ɗaya, Bobby Lashley za ka kawo. Daga 2014 zuwa 2016 yana resilin a kamfanin TNA yana kuma faɗan gaske a Bellator, kuma a tarihinsa na MMA, wato faɗan gaske irin na UFC, ya ci 15 an ci shi 2. Dan Severn ma a 1995 yana riƙe da kambun resilin na NWA yana shiga UFC. A Japan kuwa abin ya daɗe. Kazushi Sakuraba ɗan resilin ne, ya yi minti 90 yana fafatawa da Royce Gracie a 2000 har mutanen Gracie suka jefa tawul. Sai dai ka duba su duka ukun: kowannensu ya yi kokawar gasa tun yana saurayi. Resilin yana koya maka ka sassauta hannu kada ka ji wa abokin aikinka ciwo, ka kuma ba shi jikinka ya ɗaga ka. A keji wanda ya ba da jikinsa ya gama yawo. Ga kuma lokaci, mai shirin faɗan UFC yana shafe makonni a sansanin atisaye, ɗan WWE kuwa kowane mako yana kan hanya daga wannan gari zuwa wancan.

Sadiku Zuba: Injiniya wa zai karanta wannan duka? Mu dai ya janye "ƙauye".

Garba Ɗan Kudu: Ni abin da ya ba ni haushi ma, ya ce Dei-Dei kamar ya taɓa shiga. Ka zo ranar Lahadi da yamma ka ga motocin da ake ajiyewa a waje. Manyan mutane ne daga Maitama da Asokoro suke zuwa, suna yi wa 'yan wasa liƙi. In ɓangaren damben Kudu ta fito fili ƙasa har girgiza take.

Baba Sale Mahauci: Ka gyara zancenka Garba. In Arewa ta fito dai. Kudu sai yawan kirari da tsuma, a sa zare kuma ka ga mutum yana neman a raba.

Garba Ɗan Kudu: Baba da girmanka? Kisa nawa Kudu ta yi muku a gaban idonka kana zaune a kan benci?

Baba Sale Mahauci: Yaran da kuke sa wa gaba ne, sababbin shiga. Ku fito da babba mu fito da babba.

Lawwali Karmo: Ku biyun duk ku yi shiru, ɓangaren Guramada na nan.

Garba Ɗan Kudu: Guramada ku nawa ne gaba ɗaya?

Maman Hanif: Ai kun ga irinta. An taru a kan Nazifi, yanzu kun koma cin naman juna. Ni tambayata ɗaya, me ya sa ba a maganar masu tafiya ta ɗaya hanyar? Ronda Rousey ta ci tagulla a judo a gasar Olamfik ta Beijin a 2008, ta riƙe kambun mata a UFC, da Holly Holm da Amanda Nunes suka buge ta sai ta koma WWE a 2018 kuma ta yi suna a can. Daga keji zuwa resilin hanya a buɗe take. Dawowar ce aiki.

Nazifi Gwagwa: Na gode Hajiya. Kuma tun Satumbar 2023 ma UFC da WWE kamfani ɗaya ne ya mallake su, TKO. Mai gidan kallon da ke raba su, masu abin sun haɗe su.

Auwalu Mai Waya: Mai shago ɗaya yana sayar da fetur da ruwan leda, sai ka zuba wa babur ruwa?

Lawwali Karmo: Ku bar Turawa. Namu na Afirka fa? Reug Reug ɗan kokawar gargajiya ne na Senigal, a kan yashi ya taso. A Nuwamban 2024 ya doke Anatoly Malykhin ya ɗauki kambun masu nauyi na ONE Championship, wata gasar faɗan gaske irin UFC. Ga ɗan "ƙauye" da kambun duniya a kafaɗa. Kamaru Usman ma da kokawa ya murƙushe Tyron Woodley a 2019.

Nazifi Gwagwa: Usman kokawarsa a makarantun Amurka ya koya, ba a kan yashi ba.

Sadiku Zuba: Amma namu ne, ka ji sunan ai.

Bashir Kubwa: A Auchi aka haife shi, jihar Edo, Sadiku. Ɗan Najeriya ne, wannan ya isa.

Sadiku Zuba: To ni na ce ba ɗan Najeriya ba ne? Kai komai sai ka yi gyara, kamar kai kaɗai ka yi boko a zauren nan.

Baba Sale Mahauci: Lawwali ya gama magana. Ku kawo min Lesnar ɗin Dei-Dei, a ɗaura masa zare, a buga kalangu. Ba zai ga turmi na biyu ba.

Nazifi Gwagwa: Baba mutumin ya fi kilo 120 fa.

Baba Sale Mahauci: Bijimi ya fi haka, kullum muna kayar da shi kafin rana ta fito.

Garba Ɗan Kudu: In dai ɗan Kudu za a haɗa shi da shi, na yarda. Ɗan Arewa kam Lesnar zai tattaka shi.

Alhaji Ubale (shugaban zaure): To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita abin da aka tattauna saboda waɗanda ba sa kusa. Ɗan'uwanmu Nazifi ya kawo ƙorafi a kan gidan kallo, a ciki ya yi suɓutar baki ya kira dambe wasan ƙauye, kuma dattawa sun nuna masa kuskurensa da hujjoji masu ƙarfi. A kan batun resilin, Injiniya Bashir ya tabbatar mana cewa CM Punk ko minti uku bai yi a keji ba, shi kansa Lesnar ɗin an soke nasarar da ya yi a kan Mark Hunt a 2016 saboda an same shi da haramtaccen magani a jiki. Don haka zaure ya gamsu cewa resilin nishaɗi ne na yara, mai neman faɗan maza ya zo Dei-Dei. Lawwali ya nuna mana cewa wasan gargajiya shi ke haifar da zakarun duniya. Maganar ɓangarori kuma ba ta buƙatar jayayya, duk wanda ya daɗe yana kallon dambe ya san Arewa ce uwa. Nazifi ya ba Baba Sale haƙuri a rufe maganar.

Bashir Kubwa: Ranka ya daɗe, ni ban ce haka ba. Na kawo Lashley da Severn da Sakuraba, duk sun haɗa biyun, ka tsallake su. Maganar Mark Hunt gaskiya ce, amma ba a ambace ta a muhawarar nan ba, kai ka shigo da ita yanzu.

Nazifi Gwagwa: Baba Sale ka yi haƙuri, don girmanka. Amma zaure bai gamsu da komai ba, Alhaji ne ya gamsu.

Baba Sale Mahauci: Na haƙura. Har yanzu dai ban ga ka goge ba.

Garba Ɗan Kudu: Alhaji, wa ya ce Arewa ce uwa? A ina aka yi wannan ƙuri'ar? Tun da ka karɓi shugabancin zauren nan ba ka taɓa sa bidiyon kisan da Kudu ta yi ba, na Arewa kuwa har da wanda aka raba babu kisa kana turowa. Ka cire wannan layin ko ka cire ni.

Alhaji Ubale (shugaban zaure): Layin yana nan. Na rufe zaure sai bayan sallar asuba.